Na je Ɗagel, na dawo da tambaya

Baƙo daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Makon jiya ɗaurin auren wani abokin kasuwancina ya kai ni Sakkwato. An ɗaura ranar Asabar, motar komawa sai Litinin, na ce wannan Lahadin ba zan kashe ta a masauki ina danna waya ba. Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na sha zuwa, sai na roƙi a kai ni Ɗagel, tunda tun muna firamare ake karanta mana cewa daga nan aka yi hijira zuwa Gudu.

Mun kama hanyar Illela da sassafe, muka wuce Kware, muka isa Gwadabawa, daga nan muka bar babban titi muka nufi wajen Cimmola muna tafe muna tambaya. Gaskiya da muka isa gwiwata ta yi sanyi. Ni a raina na ɗauka zan tarar da wani abu kamar Gidan Makama, ko dai ganuwa ko da ta zube. Sai ga ƙauye kamar kowane ƙauye: rumbuna, karan gero a gona, jaki a ɗaure, yara suna bin motarmu da gudu. Wani dattijo ne ya taso daga inuwa ya shige mana gaba. Ya ce nan ne wurin gidan Shehu, nan ake karatu, can kuma mahaifinsa yake kwance. Da baki ya faɗa, da kunne muka ɗauka, ba wata takarda da za ka riƙo ka taho da ita.

Na tsaya ina kallon wurin ina cewa wai daga nan ne? Daga wannan ɗan wurin aka tashi, jihadin ya kai har Adamawa da Ilorin? Har muka dawo abin bai sake ni ba.

Tambayata biyu ce. Barin wurin haka sakaci ne ko kuwa daidai ne? Sannan ina so in kawo 'ya'yana da na ƙanena in an yi hutu, yaya zan tsara mu ga Ɗagel da abin da ke kusa da ita a kwana biyu?

Ɗan Gwadabawa:
Wa alaikumus salam. Malam, ka zaka har ƙohwar gidanmu ba ka neme mu ba? Wanga laihi na, sai ka biya tara. Ɗagel ƙasarmu ta, cikin ƙaramar hukumar Gwadabawa take. Da ka yi magana da an gwada maka Cimmola da kyau, don ita ma ba ƙaramin wuri ba ta. Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku nan yaz zauna, ribaɗinai na, shi da yar rasu 1866. Ɗanai Maiturare shi yak kahwa Gwadabawa tun shina Marafa, kahin shi zama Sarkin Musulmi 1915. Kun bi ta bisa tarihi kuna ta sauri awa masu kai amarya.

Ɗalibi daga Funtuwa:
Allahu akbar, mahaifar Mujaddadi. Allah ya kai mu mu ma mu gani.

Malamin tarihi:
Ɗalibi, ƙaramin gyara. Ba a Ɗagel aka haifi Shehu ba. A Maratta aka haife shi a ƙarshen shekarar 1754, garin yanzu yana cikin Jamhuriyar Nijar, wajen Galmi. Yana yaro iyayensa suka dawo Ɗagel, a nan ya tashi, a nan ya yi karatun farko wurin mahaifinsa Muhammadu Fodiyo.

Shi kuma baƙonmu na Kano, abin da ya sanyaya maka gwiwa shi ne ainihin abin da ya kamata ka gani. Ɗagel ba ta taɓa zama birni ba. Ba ta da ganuwa irin ta Kano domin ba mazaunin sarki ba ce, zangon malamai ne da almajiransu da dabbobinsu. Birnin ƙasar a lokacin Alƙalawa ne, can sarkin Gobir yake da fadawansa da dawakinsa. Malaman nan da gangan suka zauna nesa da fada. Shehu ya fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin, wajen 1774, yana fita Kabi da Zamfara yana dawowa, har ya yi kusan shekara biyar a ƙasar Zamfara. Duk wanda ya ji wa'azin ya gamsu sai ya ɗauko buzunsa da allonsa ya biyo shi. Haka ƙauyen ya cika da mutanen da ba su da dangi a cikinsa, abin da aka riƙa kira Jama'a.

Abin da ya fitar da su kuwa a jere yake. Zamanin Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo an zauna lafiya, har a taron babbar salla a Magami Shehu ya ƙi karɓar kyautar sarki, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya yarda. Nafata ne ya zo ya juya, ya hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, ya ce wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin ubansa, ya hana rawani da lulluɓi. Da ɗansa Yunfa ya hau, aka kai wa mutanen Abdussalami, wani almajirin Shehu, hari a Gimbana, aka biyo da kamammu ta kusa da Ɗagel, mutanen Shehu suka kwance su. Yunfa ya aiko cewa Shehu ya fita da iyalinsa kawai ya bar sauran. Ya ce ba zai rabu da jama'arsa ba, sai dai su fita tare. A watan Fabrairu 1804, cikin Zulƙida 1218, suka kama hanyar Gudu.

To ka ga wanda ya bar gida a haka ba bene zai bari a baya ba.

Baƙo daga Kano:
Allah ya gafarta Malam, na ƙaru. Wallahi da na san wannan kafin in je da kallon da zan yi wa wurin daban ne. Amma ai ka ƙara ƙarfafa tambayata. Me ya hana a rubuta wannan bayanin naka a kafa a wurin? Ni na yi sa'a na samu dattijo. Ranar da ya tafi kasuwa fa?

Injiniya a Kaduna:
Ni dai ina jin tsoron kalmar "gyara" a ƙasar nan. In aka ce za a gyara wurin tarihi, ma'anarsa a ba ɗan kwangila, ya kawo bulo da siminti da tayil mai sheƙi, ya shafe komai da koren fenti, a kafa allo mai ɗauke da sunan wanda ya buɗe, wanda ya fi sunan mai wurin girma. Bayan damina uku rufin ya yaye, ba mai komawa. Masallatan ƙasa nawa aka rushe a garuruwanmu da sunan zamani? Wanda kuma aka bari ba a kula ba, kun ga abin da ya faru da masallacin Juma'a na Zariya a 2023, ginin Babban Gwani tun wajen shekarun 1830, wani sashe ya rufto kan masallata. Mu ba mu iya tsakiya ba, ko mu rushe ko mu yi watsi. In haka za a yi wa Ɗagel gara a bar ta da rumbunanta.

Ɗan Gwadabawa:
Injiniya, kai kana Kaduna cikin sanyin na'ura kana cewa a bar mu da rumbuna. Mutanen wurin su ma suna son hanya da ruwa da asibiti. Ba hoto ba na, mutane na.

Injiniya a Kaduna:
Ban ce kada a yi hanya ba, ɗan'uwa. Na ce kada a taɓa abin da ba a san yadda ake taɓa shi ba. Hanya daban, kufai daban.

Ɗalibin hadisi:
Ni tambayata ga mai zaure da baƙon Kano: wannan tafiya da ake shiryawa har da yara, ziyarar me ce? Hadisi ya tabbata cewa ba a ɗaura sirdi don neman lada sai zuwa masallatai uku, na Makka da na Madina da na Ƙudus. Mun san abin da ake yi a irin wuraren nan. Ana shafar kabari, ana ɗibar ƙasa a ƙulle a leda, mace ta zo tana roƙon haihuwa. In aka ƙawata wurin, wannan ne zai ƙaru. Ku ji tsoron Allah.

Baƙadire:
To, an fara. Malam, hadisin da ya ce da an hana ku ziyarar kaburbura amma yanzu ku ziyarce su domin suna tuna lahira, shi ba ka karanta shi ba ne? Shehu Baƙadire ne, da wuridinsa ya rayu da shi ya koma ga Allah. Ku da kuke kiran sunansa a kan mumbari kullum, in an zo nan sai ku yi shiru. Wanda ya je ya yi sallama ga bayin Allah ya yi musu addu'a ya juyo, me ya yi na laifi?

Ɗalibin hadisi:
Sallama da addu'a ga mamaci ba wanda ya hana. Ƙullin ƙasa nake magana. Kuma Shehun da kake faɗa shi da kansa ya yi rubutu yana hana shafar kabari don neman albarka. Je ka bincika.

Baƙo daga Kano:
Tunda an zo nan bari in faɗi gaskiya. Wanda ya raka ni ya duƙa ya ɗebi ƙasa kaɗan ya zuba a aljihu, wai tsarabar tsohuwarsa. Na yi masa magana a mota, ya ce in bar shi da uwarsa. Ni kuwa ban je neman komai ba, na je ganin inda abin ya faru ne, kamar yadda mutum zai hau Dala ya kalli Kano.

Mai zaure:
Jama'a, a yi haƙuri. Wannan muhawarar ta girmi zauren nan, ba kuma a nan za a gama ta ba. Kowa ya faɗi hujjarsa, an ji. Duk wanda ya sake kiran wani mushiriki ko ɗan bidi'a zan goge. Na riga na goge guda biyu. A koma kan tambayar baƙo.

Malama daga Gusau:
Sannunku da fama. Duk kun yi magana ba wanda ya ambaci cewa a Ɗagel aka haifi Nana Asma'u, wajen 1793, ita da tagwaininta Hassan. Lokacin hijira ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba. Ni in na kai ɗalibaina mata wannan nake fara gaya musu: yarinya sa'arku ta bar gidan nan ba ta sake zama a cikinsa ba, ta ga yunwa da yaƙi da ƙaura daga Gudu zuwa Gwandu zuwa Sifawa zuwa Sakkwato, ta girma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ta tsara 'yan taru, tana naɗa jaji ta ɗora mata malfa, jajin ta koma ƙauyensu ta koyar da matan da ba za su iya zuwa birni ba. Ta rasu 1864, tana kwance kusa da mahaifinta a Hubbare. In ka faɗa wa yarinya wannan a aji sai ta rubuta don jarrabawa. In ka faɗa mata tana tsaye a kan yashin wurin, ba ta mantawa.

Game da gyara kuwa, ku maza kuna ta faɗa tsakanin tayil da kufai. Ku tambayi wadda ta taɓa kai 'yan mata talatin irin wuraren nan. Abin da muke nema banɗaki ne mai ƙofa, da rumfa, da randar ruwa, da mutum guda da aka ɗauka aiki ya san bayani. Ba sai an zuba miliyoyi ba. Kuma in kun lura, a Hubbare ma mata sun fi yawa cikin masu zuwa, amma da wuya a tuna da su in ana tsara wuri.

Injiniya a Kaduna:
Hajiya, na sallama. Wannan ko aljihun mutum goma ya isa.

Bagobiri daga Tsibiri:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban ce komi ba, amma mushe, wato Malamin tarihi, ya taɓo mu. Kuna kukan an bar Ɗagel, alhali ita ana zuwa, ana shara, ana addu'a. Alƙalawa hwa? Birnin da Babari yag gina bakin gulbin Rima, inda Bawa Jangwarzo yaz zauna, wanda sarakuna ka jin tsoro. Tun da anka ci shi 1808 anka kashe Yunfa, kufai na. Wa ka kai 'yan lakwal (makaranta) can? Mu tun muna ƙanana abin da anka koya muna daban na da abin da ka cikin littahwanku. Ku kun ce hijira, kakanninmu sun ce malami ya tara mutane cikin ƙasar sarki har sun hi ƙarhin doka. Kuma a daina cewa arna. Mushe da kansa ya ce wurin sallar idi Bawa da Shehu sunka haɗu. Arne na zuwa idi?

Gobir ba ta mutu ba. Bayan yaƙin Gawakuke 1836 Mayaƙi ya kahwa Tsibiri kusa da Maraɗi, sarauta na nan har gobe. Wanda duk ka son tarihi cikakke shi zaka shi ji namu gehe.

Bayarabe ɗan Sabon Gari:
Kai bawana, wa ya ba ka waya har kake dogon rubutu? An kore ku daga Birnin Lalle, an kore ku daga Alƙalawa, ku dai kullum a guje. Ka zo Ibadan mu ba ka ɗaki.

Bagobiri daga Tsibiri:
Ji mai cin barkono. Ilorin wa ka sarauta cikinta yanzu? Hwara amso garinku kahin ka ba ni ɗaki.

Babarbare:
Ku bar Bagobiri ya yi magana, yana da gaskiya. Mu ma Fulanin nan bayinmu sun ƙone mana Ngazargamu, sai da Shehu Laminu ya tashi ya rubuta wa Bello wasiƙa ya ce ku kawo hujjar yaƙar Musulmi. Har yau muna jiran amsa mai gamsarwa.

Malamin tarihi:
Wasan taubasai gefe guda, Bagobiri ya kawo magana mai nauyi, kuma ban ƙi ta ba. Su kansu shugabannin jihadi ba su ce sarakunan Gobir ba sa salla ba. Abin da suka tuhume su da shi haɗa Musulunci da al'adun tsafi, da zalunci a haraji da shari'a, sannan daga baya yaƙar Musulmi. Wasiƙun da Babarbare ya ambata kuwa gaskiya ne an yi su, Bello ya amsa, Elkanemi, wato Shehu Laminu, ya sake amsawa, kuma duk mai son ya ga yadda malamai ke gardama da ilimi ya nemi labarinsu.

Abin da ba na so shi ne a mayar da abin Fulani da Hausawa, kamar yadda ake yi yanzu a intanet. Abdussalami da aka fara rikicin saboda shi ba Bafulatani ba ne, Ba'are ne, wato Bahaushen ƙasar Arewa. Agali da ya taimaka wajen kwashe kaya ranar hijira Buzu ne. Zamfarawa da yawa suna cikin Jama'a. A Tafkin Kwatto, watan Yuni 1804, inda Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranci rundunar da ta karya Yunfa, akwai Fulani da Buzaye a ɓangaren Gobir. Kuma labarin bai ƙare da daɗi ga kowa ba. Baƙonmu ya ce sun wuce Kware. To Kware garin Abdussalami ne. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya saɓa da Muhammadu Bello, yana ganin ba a ba shi abin da ya cancanta ba, aka yi ta musayar wasiƙu, ƙarshe aka ci garin da yaƙi a farkon 1818, ya fita da rauni ya rasu a ƙasar Zamfara. Mutumin da aka bar Ɗagel saboda mutanensa ke nan. Shi kansa Abdullahi ya taɓa barin rundunar ya nufi gabas don ya ga son duniya ya fara shiga, sai a Kano aka tsayar da shi. In za a kai yara a faɗa musu duka, ba rabin da ke da daɗi ba.

Ɗalibi daga Funtuwa:
Malam, wallahi ban taɓa jin labarin Kware ba sai yau. A makaranta daga Tafkin Kwatto sai Alƙalawa sai a ce an kafa daula.

Bakabe:
Tunda kowa na tallar kufansa, a sa Surame a lissafi. Birnin Kanta ne, ganuwar dutse, ta girmi duk waɗannan da kusan shekara ɗari uku, kuma tana cikin jihar Sakkwato. In baƙo na son ganin gini da ido ba labari ba, can zai je.

Direban hanyar Illela:
Duk kun yi malanta, bari in ba mutum amsar da yat tambaya. Shekara goma sha ina bin hanyag ga.

Ranar hwarko ka yi cikin gari. Hubbare da sahe kahin rana ta yi zahi, sannan gidan tarihi na Waziri Junaidu, nan yara za su ga takardu da kayan yaƙi da idonsu, sai ka bi da su Giginya inda anka yi da Turawa 1903. In sun ga wanga, gobe in sun ishe Ɗagel ba su cewa Baba mi munka zo gani.

Rana ta biyu ka hita da an sallame asuba. Kware, Gwadabawa, Cimmola, Ɗagel. Kada ka shiga kai tsaye awa gidanku, ka hwara gaida mai gari, shi za ya haɗa ka da wanda ya san wurin. Ka riƙe goro da ɗan abin sadaka a canji, don yara da tsohi za su taru. Ruwan sha ka ɗauko daga gari. Mota mai ƙasa-ƙasa ba ta son yashin wurin, in damina ta kuwa kada ma ka hwara, bari sai kaka ta wuce.

Wurno ita ma ta cancanci zuwa, nan Sarkin Musulmi Bello yake kwance tun 1837, shi yag gina ta ribaɗi, Aliyu Babba ma nan yake. Daga Sakkwato ta Acida ake bi. Amma kada ka haɗa ta da Ɗagel rana guda da yara cikin mota, gajiya za ta sa su tsani tarihi. In kana da rana ta ukku, to. Ka sawo albasa da tafarnuwa can, sun hi na Kano arha.

Magana ta ƙarshe, kuma ita ta hi: la'asar ta ishe ka cikin gari. Kuma kahin ka hita ka tambayi direbobi a tasha yadda hanya ta kwana, ba mutanen intanet ba.

Baƙo daga Kano:
Allah ya saka da alheri, direba. Gudu fa? Ina so yaran su ga inda aka yi mubaya'a, an ce a gindin wata bishiyar faru aka yi. Da Alƙalawa, tunda Bagobiri ya ƙalubalance mu.

Direban hanyar Illela:
Alhaji, Gudu da Tangaza yanzu ba wurin kai yara ba na, kai ma ka ji labarin Lakurawa. Alƙalawa kuma wajen Sabon Birni take, ka san abin da gabashin Sakkwato ka ciki. Ni da ke cin abinci bisa hanya ban zuwa sai dole. Ka gwada musu a taswira, in Allah ya kawo sauƙi ku koma.

Bagobiri daga Tsibiri:
Gaskiya direba ya hwaɗi. 'Yan'uwanmu na can da yawa sun tsallako wajen Maraɗi gudun hijira. Abin da ban tausai, shekara ɗari biyu da wani abu, ƙasa guda, mutane na sake ɗaukar kaya bisa kai. Allah shi kawo muna lahiya. In hanya ta yi kyau ka zaka Tsibiri, ni ka kai ka hwada da kaina, ka ji kirarin Bawa daga bakin makaɗa. Maratta ma tana gehenmu, kusa ga Ƙwanni.

Baƙadire:
Amin. A kan wannan dai ba mu da saɓani da Ɗalibin hadisi.

Ɗalibin hadisi:
Amin. In don ganin tarihi da ɗaukar darasi ne ban hana ba. A dai bar ƙasar wurin a wurin.

Malama daga Gusau:
Alhaji, shawara ɗaya. Kafin ku tafi ka raba wa yaran mutane. Wannan ta riƙe Nana Asma'u, wannan Abdullahi, wannan Bello, wani kuma ka ba shi Yunfa, kada ka bar shi ba mai magana da bakinsa. Kowa ya nemo labarin nasa, in kun isa shi zai yi wa sauran bayani. Na gwada da ɗalibaina, wadda na ba Yunfa har kuka ta yi wai an ba ta mugu, ƙarshe ita ta fi kowa kawo tambayoyin da suka ɗaure mini kai.

Injiniya a Kaduna:
Maganar allon bayani da rumfa, in da gaske ake ni zan zana kyauta, Malamin tarihi ya rubuta da boko da ajami. Amma sai an fara jin ta bakin masu wurin da masarauta, kada mu je mu kafa abu a ce mun yi shisshigi. A 2004 an yi bikin cika shekara ɗari biyu da kafa daular, an yi jawabai, ba na so namu ya tsaya a jawabi.

Malamin tarihi:
Na yarda, da sharaɗin Bagobiri ya karanta kafin a buga.

Baƙo daga Kano:
To alhamdu lillahi. Na tsayar da hutun ƙarshen shekara, kwana uku, har da Wurno. Na kuma kira abokin nawa na karanta masa abin da Ɗalibin hadisi ya rubuta, ya ce ƙasar ta riga ta isa hannun tsohuwa, in ina da ƙarfin hali in je in karɓo. Ɗan Gwadabawa, nawa ne tarar tawa?

Ɗan Gwadabawa:
Gurasa ta Jakara mai yawa, da ƙuli da yaji, kada a kawo muna wadda ta kwana. Ka hwaɗa min rana tun da sauran mako guda in gaya ma mai gari. Kuma ku zaka da yunwa, don ba a wuce gidanmu ba a sha hura ba. Yara nawa na duka, in san kwanon da za a dama?